Wanda Littafinka Bai Ƙirga Ba

Rurum Tsohon Gari,
Ƙaramar Hukumar Rano,
Jihar Kano.
Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga ɗana Shamsuddeen,

Kada ka karanta takardar nan a tsaye, kada kuma ka buɗe ta a cikin abokan aikinka. Ka nemi wuri ka zauna, ka kife wayarka, ka bi ta har ƙarshe. Idan ka kira ni kafin ka gama zan gane daga muryarka, kuma zan kashe. Da gangan na ɗauki biro da takarda, domin a waya kana da dabarar sa ni dariya kafin in kai ƙarshen faɗa, in dabarar ta ƙi kuma sai ka ce sabis ya ɗauke. Kai ba ɗan fari ba ne balle in ji nauyin kiran sunanka, saboda haka abin da ke raina shi za ka gani a nan, ba ragi.

Bayan haka, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal, kai da iyalinka Halima Sadiya da angona Adnan. Allah ya sa haƙoran da yake fitarwa su zo masa da sauƙi, ya raya shi bisa tafarkin Musulunci, ya tsare ku daga sharrin baƙon wuri da sharrin abokin banza. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar mahaifinka ta yi sauƙi tun da ya fara shafa maganin da ka aiko, har ya koma zuwa masallaci ba sanda, ko da yake in na hana shi zuwa gona sai ya ce ni ce ciwon ba gwiwar ba. Masara ta shiga rumbu, gyaɗa ta yi kyau bana fiye da bara, dawa kuma an fara yanka. Yayarka Rukayya ta sauka lafiya a Zurgu, an sami mace, an sa mata Mufida. Ga kuka da daddawa da yaji nan na ba Muhammad Sani direban motar albasa ya haɗo maka da takardar nan. Yajin na Halima Sadiya ne, kada ka cinye mata.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu. Ka tuna ɗan littafin nan mai koren bango da ka aiko wa Rahma, 'yar marigayi Baffanka Uzairu, lokacin da aka zaɓe ta ta wakilci makarantarsu a gasar kacici-kacici tsakanin makarantun Rano da na Kibiya. Ka ce a hannun mai sayar da jarida ka same shi, kuma duk yaron da ya haddace shi ba mai kayar da shi a tarihin Najeriya. Ranar da ya iso na fi kowa murna. Ni ma na taɓa zama a kan irin wannan benci ina aji huɗu, na san daɗin a ce makaranta guda ta zuba wa mutum ido. Na buɗe shafin farko na ga jihohi da manyan biranensu, na buɗe na biyu na ga shugabannin ƙasa da shekarunsu, sai na rufe na miƙa mata, na sa maka albarka. Ban kai shafi na goma sha ɗaya ba. Wannan sakacina ne, kuma na fara da shi ne don kada ka ce na wanke hannuna na goge a rigarka.

Ashe guda biyu ka saya ka riƙe ɗaya. Sai ka tsiri kira duk Juma'a bayan la'asar, ka ce ƙanwarka Sadiqa ta ƙure muryar wayar ta ɗora a kan turmi, yaran gida da na maƙwabta su kewaye. Kai ne alƙalin wasa daga nesa. Ka jefo tambaya, in Rahma ta amsa daidai ka ja wani dogon "gol" irin na masu sharhin ƙwallo a rediyo, yara su tafa su yi tsalle. Ban ƙi ba. Na ma ji daɗi da ɗana bai manta da marainiyar gidanmu ba.

Sai Juma'ar nan ta ashirin da huɗu ga Oktoba. Ni da Innarku Barakatu, mahaifiyar Rahma, muna zaune a ƙofar ɗakinta muna ɓarar gyaɗa. Ka tambayi shekarar da Najeriya ta ci zinare a ƙwallon Olamfik, Rahma ta ce 1996, ka ja gol. Ka tambayi ƙasar da muka doke a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2013, ta ce Burkina Faso, ɗaya da nema, ka ja gol. Ka tambayi unguwar da jirgin sama ya faɗa a Kano a 2002, ta ce Gwammaja, ka ja gol. A nan na ɗaga kai. Sai da wannan muryar dai, ko numfashi ba ka sauya ba, ka tambayi mutum nawa suka mutu a hare-haren Kano na ranar ashirin ga Janairu, 2012. Yarinyar ta miƙe tsaye don zumuɗi ta ce ɗari da tamanin da biyar. Ka ja gol ɗin da ya fi duk na baya tsawo, har ka ƙara da cewa lallai ta gaji ƙwaƙwalwar Baffa. Barakatu ba ta daina ɓara ba. Cikin ƙaramar murya ta ce a ƙara ɗaya. Rahma ta juyo tana dariya ta ce ai littafi ne ya faɗa, uwar ta ce mai littafin bai shigo ɗakinta ya ƙirga ba. Ta karkaɗe zaninta, ta shiga ɗaki ta saki labule. Kai kuwa kana can kana kiran tambaya ta gaba, har sai da na miƙa hannu na kashe wayar. Abin da ya sa ke nan Juma'a uku kana samun ta a rufe. Ba caji ba ne, ni ce.

Ko ka manta ne, Shamsuddeen? Bari in tuna maka, tunda littafinka ba zai yi ba. Baffanka Uzairu yana acaɓa a Kano a lokacin, sai bayan mako biyu yake leƙo gida. Yammacin wannan Juma'ar ta ashirin ga Janairu ya ɗauko fasinja, ƙara ta tashi a gabansu, wani guntun ƙarfe ya shige shi a kwiɓi. Abokan sana'arsa suka ja shi zuwa ɗakin da suke kwana a Na'ibawa, dokar hana fita ta rufe su a ciki, sai ranar Lahadi da aka sassauta suka kawo mana shi a bayan motar kayan miya, lulluɓe da bargo. Muhammad Sanin nan da zai miƙa maka takarda yana cikin waɗanda suka sauke shi. Mahaifinka ya ce a wuce da shi asibiti a Rano nan take. Ni na hana. Kwana biyu kunnena yana manne da rediyo, na ji ana farautar waɗanda suka yi aika-aikar, jita-jita kuma ta cika gari cewa duk saurayin da aka gani da irin wannan rauni sai ya yi bayanin inda ya samo shi. Na ce ɗan acaɓa ne, ba shi da takardar shaida, ba mu da wani babba a birni. In aka tafi da shi don tambaya, wa zai karɓo mana shi? Da wata ce ta faɗi haka da an ce tsoron mata ne. Amma ni ce wadda ta yi sakandare a gidan, ni ke karanta wa kowa takardar magani, sai aka ɗauki tsorona a matsayin sani.

Muka kira mai kemis ya wanke raunin ya ɗaure, muka ce wa masu dubiya faɗuwa ya yi da babur. Har yau ban sani ba ko jita-jitar gaskiya ce. Abin da na sani, zazzaɓi ya hau shi, cikinsa ya kumbura, kuma ranar da muka ce ko me za a yi a kai shi, kafin mota ta iso ƙofar gida ya cika. Kwana tara tsakanin ƙarar da ya ji da kabarinsa. Barakatu tana da cikin wata biyar. Ta haifi Rahma a gidan nan, ta zauna a gidan nan, manema suka zo ta ƙi, ta ce ba za ta kai marainiya agolanci ba. Ƙaryar babur kuwa, tunda mun faɗa wa gari, sai muka faɗa wa yarinyar ma da ta fara tambaya. Shekara goma sha uku muna zaune a kanta.

Kai kana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ba jariri ba. Kai ake aike sayen bandeji, kai aka ja wa kunne kada ka faɗa wa kowa abin da ka gani ƙarƙashin rigarsa. Ana gasar kofin Afirka a kwanakin, wadda Najeriya ba ta samu zuwa ba, kai kake zuwa gidan kallo ka dawo ka zauna a bakin katifarsa kana ba shi labarin wasa. Da kunnena na ji yana tsokanarka, wai tunda 'yan wasanmu suna kwance a gida shi ma ba laifi ya kwanta. Da shekara ta zagayo muka ci kofin, samarin Rurum suna ta zagaya gari da babura, kai ka shigo ka zauna a bayan rumbu kana kuka, saboda wanda ya koya maka son ƙwallon ba ya nan. Wannan yaron nake nema. Ina ka kai shi? Ban ce da mugunta ka yi ba, da muguntar ce ma da na san maganinta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne idonka ya bi ta kan wannan kwanan wata a takarda, bakinka ya furta shi, amma zuciyarka ko motsi ba ta yi ba. Ka ga lamba, ba ka ga Baffanka ba.

Washegarin wannan kiran naka da safe ina dama koko Rahma ta zo ta tsuguna a gefena ta tambaye ni wane ne ɗayan da uwarta ta ce a ƙara. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ajiye ludayi na faɗa mata duka, har da wadda ta hana a kai shi asibiti. Ba ta yi kuka ba. Tambayarta ita ce in aka yi mata wannan tambaya a gasa, wace lamba za ta faɗa. Na ce ta ba masu littafi lambar littafinsu, domin abin da aka rubuta suke tambaya, sauran kuma Allah ya sani. Ta ce to. Na ɗauka na kashe magana ke nan, ashe na sake yi wa ciwo lissafin 'yan boko.

An yi gasar ranar Laraba, biyar ga wata, a Rano. Barakatu ta ƙi zuwa, ni na raka ta. Makarantarsu na kan gaba, Rahma tana amsawa kamar ruwan famfo. Sai tambayar ta fito, amma ba a kanta ta faɗa ba, a kan wata yarinya daga Kibiya. Yarinyar ta amsa daidai, mai gabatarwa ya ce a tafa mata, 'yan makarantarsu suka hau dukan benci, wata uwa a bayana har da guɗa. Ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka koya mata ta yi. Amma daga nan Rahma ba ta sake buɗe baki ba. Tambaya huɗu aka yi mata, har da ta shekarar zinaren Olamfik wadda ko daga barci aka tashe ta za ta faɗa, tana zaune tana kallon tebur har a kaɗa ƙararrawa. Da maki biyu aka cinye su. A bakin ƙofa Malam Ishiyaku, malamin da ya yi wata biyu yana horar da su, ya tare ta cikin fushi a gaban ɗalibai da iyaye, yana tambayar abin da ya ɗinke mata baki. Kafin in kutsa in isa wurin ya matsa mata har sau uku. Ta ce masa mahaifinta yana cikin waɗanda aka tafa a kansu, kuma ko a ƙirgar ma ba a sa shi ba.

Kafin babur ya sauke mu, labari ya riga mu isa Rurum. Wasu suka shigo yi mana sabuwar ta'aziyya bayan shekara goma sha uku, Allah ya saka musu. Wasu kuma suka koma gefe suna cewa in dai ba shi da hannu, me ya sa aka ɓoye? Ka gani, zargin da na guje masa a 2012 ni na shuka shi da hannuna, sai yanzu ya tsiro. Wata 'yar ajinsu ta tare Rahma a bakin rijiya ta tambaye ta ko babanta cikin waɗanda aka kashe yake ko cikin waɗanda suka kashe. A ranar Barakatu ta ninke kayan makarantar ta kulle a akwati. Ta ce da an gama yankan dawa za ta tafi da 'yarta gidan yayanta a Kibiya, ta sa ta Islamiyya da ɗinki, boko kuma sun yi sallama. Da na je ba ta baki, ta dube ni ta ce boko ɗin wata ne ya hana a kai mijinta asibiti, boko ɗin ɗanta ne kuma ya tsayar da 'yarta a bainar jama'a, to ya ishe ta haka. Shekara goma sha uku muna faccaloli a tsakar gida ɗaya, tukunya ɗaya, ba ta taɓa faɗa mini wannan ba sai ranar. Yau kwana goma sha ɗaya Rahma ba ta taka makaranta ba, ga shi ƙarshen watan nan za a aika da sunayen masu jarrabawar aji uku. In sunanta bai shiga ba, shi ke nan, kuma ka san yarinyar da ta fita a wannan gaɓar ba kasafai take komawa ba.

Na zauna na karanta littafin naka daga bango zuwa bango, abin da ya kamata in yi tun farko. Daga shafi na goma sha ɗaya zuwa na goma sha huɗu an rubuta wai muhimman abubuwan da suka faru. Ga lambar zinare, ƙarƙashinta ga ma'ajiyar makamai da ta fashe a Legas mutane suka ruga suka halaka a ruwa, ƙarƙashinta ga ɗan fashin da aka harbe a Binin, ƙarƙashinsa ga kofi. Duk da harafi iri ɗaya, kamar jerin kayan miya. Kowace tambaya kuma da amsa huɗu a zaɓi ɗaya. Wato wani ɗan'adam mai uwa da uba ya zauna a kan kujera ya ƙirƙiro lambobi uku na gawawwakin ƙarya ya jera kusa da ta gaskiya don ya ruɗa yara, ya tashi ya ci abincinsa. Wannan wace irin ƙasa ce muke ginawa? Mota ta kife, kafin a miƙa hannu an miƙa waya ana ɗauka. A rediyo a faɗi mutum nawa suka ƙone, numfashi na gaba a shiga tallan sabulu. Yaran nan 'yan wasan jiharmu da motarsu ta faɗo daga kan gada a hanyar Zariya bana, suna dawowa daga gasa, ina so in san layin da za a sa su a bugu na gaba, na wasanni ko na masifu, da kuma wanda zai ja gol in aka faɗi adadinsu daidai alhali iyayensu mata suna raye. Ban ce a ɓoye wa yara tarihi ba; ni na fi kowa sanin abin da ɓoyo yake haifarwa. A koya musu, su san abin da aka yi wa ƙasarsu da abin da ta yi wa kanta. Amma wanda bai san bambancin ranar da aka ɗaga kofi da ranar da aka ɗaga makara ba, ko ya ci maki ɗari jahili ne.

Ban tsaya ga fushi ba. Na ce wa mahaifinka ƙaryar nan tamu ce, mu za mu kwance ta. Shekaranjiya bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci, liman na gefensa, ya faɗa wa jama'a yadda ƙaninsa ya rasu. Muhammad Sani ya miƙe ya ba da shaida, ya faɗi inda abin ya sami marigayin da abin da yake yi a wurin, ya ce duk mai wata magana bayan wannan ya zo ya same shi. Jiya Asabar ni kuma na miƙe a Islamiyyar matan aure na ce ba don yana da laifi aka ɓoye ba, don ni na ji tsoro ne, aka kuma bi maganata. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na jiya ba, amma na faɗa, kuma uwar yarinyar bakin rijiya tana zaune a sahun gaba. Malam Ishiyaku ya zo har zaure ya ba da haƙuri, ya ce bai sani ba, kuma zai riƙe gurbin Rahma har ranar ƙarshe. Barakatu ta saurari duk wannan daga bayan labule. Yau da safe na ga ta fito da kayan makarantar ta wanke ta shanya. Da suka bushe ta ninke ta mayar akwati, amma ba ta sa kwaɗo ba. Na tambaye ta abin da ya rage, ta ce kowa ya zo ya yi magana sai muryar da ta ja gol.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka zauna ka rubuta takarda biyu da hannunka. Ta farko ga Innarka Barakatu, ka nemi gafararta, ba tare da "ban sani ba", domin ka sani, ba kuma tare da "wasa nake yi ba", domin wasan ne laifin. Ta biyu ga Rahma. Yarinyar nan abin da take da shi na mahaifinta ƙarya ɗaya ce da muka ba ta, da lamba ɗaya da ba ya cikinta. Kai ka fi mu zama da shi a waje. Ka rubuta mata ƙungiyar da yake goyon baya, da yadda yake dariya in an ci su, da ranar da ya koya maka tuƙa babur kuka faɗa gonar barkonon mutane, da abin da yake ce maka a kwanakin nan tara in mun fita mun bar ku. Ko shafi goma ne ka cika. Kada ka aiko da saƙon murya, kada ka aiko da atamfa ko waya a madadin takarda, in ka yi zan mayar maka da su yadda suka zo. Muhammad Sani zai juyo ranar Litinin ta sama, ka damƙa masa hannu da hannu. In ya dawo hannu wofi, to ka sani da hannunka a fitar yarinyar nan daga makaranta, kamar yadda yake da nawa a rasuwar ubanta, kuma ina gaya maka a matsayin wadda ta ɗanɗana, ba kaya ba ne da ake saukewa.

Mahaifinka yana gaishe ka, ya ce in faɗa maka bai yi fushi ba amma yana bayan duk abin da na rubuta. Rukayya da maigidanta suna gaisuwa daga Zurgu, Sadiqa ma tana gaida Halima Sadiya, ta ce a sumbaci Adnan. Ka gaida mutanenmu na Rano da ke nan tare da kai, musamman waɗanda suka zo mana barka. In ka gama karantawa ka ba matarka ita ma ta karanta, domin ita za ta yi renon jikokina, gara ta san gidan da ta shigo. Allah ya yi maka albarka, ya shirye mu baki ɗaya, ya jiƙan Uzairu da duk waɗanda suka tafi a wannan rana da bayanta.

Saura abu ɗaya, wanda na tara gidan nan yau na faɗa, kuma ya kamata ka ji shi kafin Juma'a. Littafinka ban ƙona shi ba, ban taɓa ƙona littafi ba. Na kwafe duk layin da akwai mutuwa a cikinsa a wani littafin rubutu dabam da hannuna, na liƙe gurbinsu da farar takarda. Koren yana kan taga, ƙwallo da jihohi da shugabanni, ku ja gol a kansa har maƙogwaro ya bushe. Ɗayan yana wurina. Daga yau a gidan nan ba a tambayar adadin matattu don maki, ba a rige-rigen faɗarsa, ba a tafa masa. Yaron da makaranta ta ce ya haddace, ya zo ya zauna a gabana, mu karanta tare, mu yi musu addu'a da waɗanda aka ƙirga da waɗanda ba a ƙirga ba, sannan ya haddace. Wanda ya tafa ya tashi daga tabarmata, ko ɗan waye. Wanda yake waya kuma a kashe. Dokar nan ta hau kan mahaifinka, ta hau kaina, ta hau kanka kana Fatakwal, kuma za ta hau kan Adnan ranar da bakinsa ya buɗe.

Wassalam. Mahaifiyarka,
Huseina.